Wa ke gadin abin da ke ƙarƙashin gona? Wayar da kan jama'a da kare kayan tarihin Nok a Jihar Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da wuraren tarihin al'adar Nok ke ciki a Jihar Kaduna, tare da nazarin dalilan da suka sa dokar da ake da ita ta kasa hana wawushe su. Ta nuna cewa mutumin da ke fara cin karo da kayan tarihi a wannan yanki manomi ne ko mai haƙar ma'adinai, ba jami'in gwamnati ba. Don haka kariyar da ba ta fara daga gare shi ba, ta tsaya a takarda. Maƙalar ta kuma kawo hujja daga kundin tsarin mulki da dokar filaye cewa gwamnatin jiha na da iko da alhaki a wannan fage fiye da yadda aka saba ɗauka.

Gabatarwa



Duk ɗan Nijeriya da ya zauna a aji ya taɓa ganin hoton kan mutum-mutumin Nok: ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, hanci da baki a buɗe, kai ya sha kitso iri-iri. Ana buga shi a bangon littafi da kalanda, ana ambatonsa a jawaban bukukuwa. Amma a cikin masu ambaton nan kaɗan ne suka san cewa ƙauyen Nok yana ƙaramar hukumar Jaba, ko suka san cewa ƙasar da waɗannan kaya suka fito daga cikinta ta sha haƙa har ta zama ramuka. Wato an san hoton, ba a san wurin ba. A kan wannan giɓi maƙalar ta tsaya. Na taƙaita ta ga Jihar Kaduna, duk da cewa al'adar Nok ta ratsa har jihohin Filato da Nasarawa da Neja da yankin Abuja, domin hukumomin da zan yi magana a kansu na jiha ne.

Yadda aka san Nok

Tun farko ma ba masana ne suka gano Nok ba. A 1928 ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, ya shiga hannun wani Bature mai suna Kanar Dent Young, aka kai shi Jos aka ajiye. A 1943 kuma wani ma'aikacin kuza a yankin Jama'a ya tsinci wani kan, ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar masu ɓarna. Wannan kai ne ya isa hannun Bernard Fagg, wanda a lokacin jami'in mulki ne mai ilimin kufai. Shi ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen, kuma kayan da ya tara suna cikin abin da aka buɗe gidan tarihi na Jos da su a 1952.

Ya kamata a tsaya kan labarin gonar doyar nan. An saba ba da shi don nishaɗi, ana nuna jahilcin mai gona. Ni kuwa ina ganin akasin haka. Mutumin bai fasa kan ba, bai jefar ba, ya ga ya yi kama da mutum ya ba shi aiki. Da aka nema kuma ya bayar. Fagg ya yi shekaru yana bin sansanonin kuza yana roƙon ma'aikata su riƙa ajiye abin da suka tono, kuma yawancin kayan farko ta wannan hanya aka same su. Ke nan ilimin Nok a kan haɗin kan talaka aka gina shi tun ranar farko.

Tonon da Fagg ya yi a Taruga a shekarun 1960 ya fito da murahun narkar da tama tare da gutsattsarin mutum-mutumi, abin da ya sa Nok cikin wuraren da suka fi daɗewa da sanin ƙarfe a Afirka ta Yamma. Daga 2005 kuma ayarin Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, suka fara aiki mai zurfi, suka kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Bincikensu ya mayar da farkon al'adar zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna an fara ƙera mutum-mutumin a wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, al'adar kuma ta shuɗe a daidai lokacin haihuwar tasa.

Abin da mai haƙa ke zubarwa

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan wayar da kai take tuntuɓe. Idan aka ce wa manomi "kayan tarihi na da muhimmanci", bai ji sabon abu ba. Ya riga ya san suna da muhimmanci, tun da ga dillali ya zo da kuɗi yana nema. Abin da ba a gaya masa ba shi ne wane ɓangare ne mai muhimmancin.

Duk abin da muka sani game da rayuwar mutanen Nok, ba daga kyawun fuskar mutum-mutumin aka samo shi ba. An san sun noma gero da wake, sun kuma ci atili, saboda ƙonannun ƙwayoyin da aka tace daga ƙasar ramuka ta hanyar zuba ta a ruwa har su taso. An san shekarunsu saboda gawayi da waɗannan ƙwayoyi, waɗanda ake yi wa gwajin sinadarin kabon. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya gano kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo, abin da ya nuna sun san cin zuma shekaru dubbai da suka wuce. An kuma lura cewa mutum-mutumin kusan kullum a farfashe ake samunsu, an zuba gutsattsarin a rami da gangan, sau da yawa kusa da jerin duwatsu da tukwane da duwatsun wuya waɗanda masana ke ɗauka kaburbura ne. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, don haka tsarin da kayan suke kwance a kai shi ne kaɗai shaidar da ta rage.

Yanzu a dubi wurin da masu haƙa suka bi ta kansa. Ramuka ne birjik a gangaren tsauni, wani ya kai ƙugu, wani ya shanye tsayin mutum, jar ƙasa tsibi-tsibi a bakinsu. A kan tsibin za a ga tsingaro a warwatse, dutsen niƙa an ture gefe, kashin tama, baƙar ƙasa mai gawayi ta cakuɗe da ta sama. Wani lokaci har da hannu ko ƙafar mutum-mutumi da aka yar don ba za ta yi kuɗi ba. Damina ɗaya ta isa ta wanke sauran. Mai haƙar ya zama kamar wanda ya rushe rumbu don ya ɗauki murfinsa. Kan da ya fitar zai iya dawowa daga Turai wata rana, amma jerin ƙasar da ya birkice babu kotun da za ta mayar da shi.

Wannan haƙa ta yi ƙamari ne a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da darajar naira ta faɗi, kasuwar kayan fasahar Afirka kuma ta buɗe baki a Turai. Masani Patrick Darling ya rubuta yadda ƙauyuka suka bar gona suka koma haƙa, a yankin Nok da kuma Kwatarkwashi ta Jihar Zamfara ta yau. Ayarin Frankfurt ya bayyana cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren Nok da aka sani a yankin bincikensu an riga an haƙe su ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok, tare da na Sakkwato da Katsina, a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi duniya kada a saya. Kuma kuɗin da ke isa hannun mai haƙa ɗan tsiriri ne in aka gwada da abin da ake sayar da kayan a Faris ko Burasel. Shi ke shan rana, shi ramin ke iya ruftawa da shi, wani ke cin riba.

Dokar da ta tsaya a birni

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Akwai dokar kayan tarihi ta 1953, da ta 1974 wadda ta hana cinikinsu, sannan doka mai lamba 77 ta 1979 da ta kafa hukumar ƙasa, wadda har yau ita ake aiki da ita. Ƙasar ta kuma shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun 1972. Dokar 1979 ta hana tono ba tare da izini ba, ta hana saye da sayarwa sai ta hannun wanda aka amince wa, ta hana fitarwa waje ba takarda. Ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci abin tarihi ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7.

Sharaɗin kwana 7 ɗin nan ya isa misali. Manomin da garmarsa ta tono kai a bayan Kwoi ko Kagarko, wa ya taɓa gaya masa akwai wannan wajibi? In ya sani, wa zai samu a sakatariya da ya san abin da zai yi da rahoton? In ya kai, me zai biyo baya: godiya, ko tuhuma, ko a ce an killace gonarsa? Shi a lissafinsa hanya uku ce: ya sayar, ya fasa, ko ya mayar ya rufe ya yi shiru. Doka ba ta ba shi ta huɗu da za ta fi waɗannan sauƙi ba. Tarar da ta tanada ga mai cinikin haram kuwa naira 2,000 ce, ko ninki biyar na darajar kayan in ya fi haka, ko ɗaurin shekara 3. A 1979 naira 2,000 dukiya ce. Yau ko kuɗin motar dillali ba ta kai ba.

Da an tayar da maganar a matakin jiha, amsar da aka saba ji ita ce kayan tarihi hurumin tarayya ne. Wannan rabin gaskiya ce. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kayan tarihi da wuraren tarihi a jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu. Majalisar ƙasa na yin doka kan waɗanda aka ayyana na ƙasa ne, da yardar jihar da suke ciki, kuma kundin ya faɗa a fili cewa wannan bai hana majalisar jiha yin doka kan waɗanda ba a ayyana ba. Ɗaruruwan wuraren Nok da ke cikin gonaki da tsaunuka ba a bi su ɗaya bayan ɗaya an ayyana ba. Bugu da ƙari, dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Kayan na iya zama na ƙasa, amma filin da suke kwance a ciki jiha ce ke rabawa. Mai raba fili kuwa ba zai ce abin da ke cikinsa bai shafe shi ba.

Tun da jihar ta kafa hukumar KADGIS mai kula da taswira da takardun filaye, akwai inda za a fara ba tare da an gina sabon ofis ba. Wuraren da masana suka riga suka auna za a iya shigar da su cikin taswirar hukumar, ta yadda kafin a ba da fili don fasa dutse ko rukunin gidaje ko hanya, za a ga alama a kira masani ya duba. Sai dai a yi hattara: taswirar da ta nuna wa jami'i wuri, za ta iya nuna wa ɓarawo. Dole a taƙaita masu ganinta.

Wa za a wayar, kuma da me

An saba ɗaukar wayar da kai a matsayin taro a otal, da riguna masu tambari, da jawabin babban baƙo. Waɗanda ke halartar irin wannan taro ba su ne ke riƙe da diga ba. Mutanen da ya kamata a isa gare su su ne manomi, da mai haƙar ma'adinai, da direban katafila, da mai unguwa. Ga kowannensu saƙon gajere ne: in ka ga tsingaro da yawa wuri guda, ko kashin tama, ko gutsuren mutum-mutumi, ka dakata, kada ka ciro, kada ka wanke, ka ɗauki hoto da waya, ka gaya wa mai unguwa. Saƙo irin wannan rediyo ke kai shi, kuma Kaduna ba ta rasa gidajen rediyo masu nisan zango ba. A yi shi da Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa a kudancin jihar, a kuma yi shi da Hyam da Gbagyi da sauran harsunan da ake magana da su a gida.

Amma saƙo ba zai yi aiki ba in babu inda rahoto zai sauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: babu baƙon da zai kwana uku yana haƙa a ƙasar ƙauye ba tare da mai unguwa ya ji ba. Sarƙar mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa fada, ko ta Kpop Ham a Kwoi ko ta sauran masarautu, ita ce hanyar da labari ke bi tun kafin a san sakatariya. Abin da ya rage shi ne a ɗaura ƙarshenta ga wani jami'i sananne a gidan tarihi na Kaduna ko sashen ilimin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda zai zo cikin kwanaki, ba watanni ba. Sannan a tabbatar wa mai gona abu biyu a bainar jama'a: ba za a kama shi don ya kawo rahoto ba, kuma in aka dakatar da nomansa za a biya shi amfanin da ya rasa. Wasu abokan aiki na ƙyamar maganar lada, suna cewa za ta zama saye a fakaice, ta ƙara wa haƙa kuzari. Damuwarsu na da tushe. Mafita a ganina ita ce a ba da lada ga wanda ya nuna wurin da bai taɓa ba, a hana wanda ya zo da kaya a buhu.

Akwai kuma batun addini, wanda ake yawan kewaye shi a irin wannan nazari. Musulmi da Kirista da dama a yankin suna ganin waɗannan kaya gumaka ne, wani ma yana ganin fasa su ibada ce. Ba a magance wannan da raini. Ba a neman kowa ya girmama su ko ya ajiye a ɗaki. Ana neman a bar su a matsayin shaida kan yadda mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa suka rayu, kuma duban abin da magabata suka bari don a ɗauki darasi ba baƙon abu ba ne a addinan biyu. Limami ko fasto da ya fahimci wannan zai isar da shi fiye da kowane farfesa.

A makarantu kuwa, an cire darasin tarihi daga manhajar matakin farko a wajen 2009, aka shafe fiye da shekara goma kafin ya dawo sosai. Yanzu da ya dawo, yaron da ke Jaba ko Kachia ya cancanci a koya masa cewa abin da ke shafin littafin daga bayan garinsu ya fito, a kuma kai shi ya gani da idonsa.

Su ma masana akwai nasu gyaran. A 2012 wasu masanan Nijeriya, ciki har da Zacharys Gundu na Jami'ar Ahmadu Bello, sun soki yadda ake fitar da kayan da ayarin Jamus ya tono zuwa Frankfurt. Ayarin ya musanta zargin, ya ce da izinin hukuma aka fitar don gyara da nazari. An baje kolin kayan a gidan tarihi na Liebieghaus daga 2013 zuwa 2014, daga baya aka dawo da su Nijeriya. Ba hukunci nake yankewa tsakaninsu ba. Abin lura shi ne, a idon mutumin ƙauye, wanda ya zo da takardar izini da wanda ya zo da dare duk abu ɗaya suke yi: su haƙa, su ɗauka, su tafi. In ba a dawo an zauna a ƙofar fada an nuna wa mutane abin da aka gano da harshen da suke ji ba, bambancin ba zai fito ba. Lamarin tsaro ya ƙara nisanta masana da wuraren. A Fabrairun 2017 aka sace Breunig da wani abokin aikinsa a yankin Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu, kafin a sako su bayan 'yan kwanaki. Tun daga nan aikin fili ya ja baya ƙwarai. Inda masani ba ya iya zuwa, mazauna wurin ne kaɗai suka rage masu gadi, ko an shirya da su ko ba a shirya ba.

Duk abin da aka faɗa game da Nok ya shafi arewacin jihar ma. Kufena da Turunku, waɗanda tarihin Zazzau ke ambata a matsayin mazaunan sarauta kafin Zariya, da ganuwar Zariya kanta, ba dillalin Turai ke cin su ba. Gine-gine ne da ɗibar ƙasa da gonaki ke gutsurarsu kaɗan-kaɗan, kuma maganinsu na hannun masu ba da fili.

Batun da ke tafe

A watan Afrilun 2000 aka baje wasu mutum-mutumi na Nijeriya a wani sashe na gidan tarihi na Louvre a Faris, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam don sabon gidan tarihin Quai Branly. Biyu na Nok ne, ɗaya na Sakkwato. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa kayan mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ake iya sabuntawa. Bisa lissafi wa'adin zai cika a 2027. Gwamnatin tarayya ce za ta zauna teburin, amma babu abin da ya hana Jihar Kaduna da masarautun yankin su nemi a ji ta bakinsu kafin a sa hannu: ko a sabunta aron, ko a dawo da kayan, da kuma inda za a ajiye su in sun dawo. Wanda zai nemi haka kuwa za a tambaye shi wane gini ya tanada, wa zai yi gadi, da kuma wace doka majalisar jiharsa ta yi kan wuraren da suka rage ba a haƙe ba.